Ɓawon Albasa a Jakar Baba

Ina da shekara goma sha shida aka kawo mana wani malamin Faransanci a lise, wato sakandare, mutumin da bai yarda akwai abin da ke zaune haka kawai a cikin littafi ba. In marubuci ya ce ƙofa a rufe take, ba ƙofa ba ce, zuciyar mutum ce. In ya ce an yi ruwa, baƙin ciki yake nufi. Na ɗaga hannu na ce ashe mu mutanen Duwala wata tara muke yi muna zaman makoki. Ya kore ni waje. Amma cutar ta riga ta kama ni. Sunanta symbole, wato a faɗi abu ana nufin wani.

Na kwaso ta na kawo gidanmu a unguwar New Bell. Inna ta zuba miya ba nama, na ce mata wannan miyar hoton ƙasar ce baki ɗaya.

"In ba ki ci, ki miƙo kwanon," in ji ta.

Baba kuwa dariya ya yi. Ya ce a zamaninsu symbole ƙoƙon kan akuya ne da ake rataya wa duk wanda ya kuskura ya yi Hausa a aji, shi ma ya sha yawo da shi a wuya. Yanzu kuma 'yarsa ta ɗauko abin da kanta ba wanda ya rataya mata.

Shekarun nan ne aka yi ta sallamar ma'aikata. A layinmu, mazan da suka saba fita ƙarfe bakwai suka koma zaman benci suna gardamar ƙwallo. Baba akawu ne a wani kamfani kusa da tashar jiragen ruwa, shi kam yana nan yana fita: farar shat, karabat (wato nektai) a wuya, baƙar jaka a hannu.

Wata rana ina neman alƙalami na buɗe jakar. Babu takarda ko ɗaya. A lungunta sai ɓawon albasa. Na duba takalminsa na ga baƙin taɓo irin na kasuwa. Da ya zo alwala na lura tafin hannunsa ya yi kanta. Alamu uku! Malaminmu ya ce in alama ta kai uku, marubuci ya gama magana. Daɗi ya cika ni, wallahi ko tausayi bai zo mini ba.

Muna cin abinci bayan magariba na gyara murya kamar mai amsa tambaya a aji.

"Baba, na yi nazarinka. Jakarka symbole ce. Waje ofis, ciki kasuwar Sandaga."

Na ma ƙara da Faransanci, na jero hujjojina ɗaya bayan ɗaya, ina jiran a yaba.

Baba ya tsame hannunsa daga kwano. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya ce, "Karatu ya yi kyau." Ya wanke hannu ya fita.

Inna ta ja ni madafi da kunne.

"Ke kaɗai ke da ido a garin nan?"

Ashe wata huɗu ke nan da aka sallame shi. Wani ɗan'uwansa mai sauke albasa daga arewa ya ja shi kasuwar Sandaga. Kullum in ya isa sai ya tuɓe shat ɗin ya rataye a rumfa, ya sa tsohuwar riga. Inna ta sani tun makon farko, ita ke kakkaɓe jakar kowace yamma, ranar nan ce kawai ta manta. Matan layinmu ma sun sani. In sun je cefane sai su zagaya ta ɓangaren masu tumatir don kada su haɗa ido da shi. Har masu zaman benci, da safe cewa suke, "A sauka lafiya, a gaida ofis."

"Unguwa guda ta karanta ta yi shiru," in ji Inna, "sai ke mai lise."

Na yi kuka, rabi don kunya, rabi don haushin an riga ni.

Kwana biyu Baba ya ƙara ɗaura karabat, ran na uku ya fito da tsohuwar rigarsa tun daga gida. Ya bi ta gaban benci ya yi sallama, suka amsa kamar ba abin da ya sauya. Shekara goma sha ɗaya ya yi a albasa, har ya yi rumfar kansa.

Asabar ɗin makon da na tona masa asiri ya ce in shirya in raka shi kasuwa. Ya zaunar da ni gaban tulin albasa, ya ce in ware masu kyau da ruɓaɓɓu. Wari ya hau mini kai, hawaye na zuba. Na ga dama ta samu tunda ga hawaye kyauta, na ce, "Baba, ka yafe mini."

Bai ɗago ba.

"Waccan ta hannunki ta ruɓe," ya ce. "Ki latsa ta wajen wuya, nan ake ganewa."