Kaset ɗin Yaya da Kunnen Baba

A shekarun da kuɗin mai suka fara isowa har Keffi na sayi wata tsohuwar mota ina ɗauko doya daga Agwada. Lokacin ne Yayana ya aiko da kaset daga Legas. Shekara shida rabonsa da gida, tun ranar da suka yi sa-in-sa da Baba ya fita bai waiwayo ba. Bai yi wasiƙa ba, muryarsa ya ɗauka yana neman gafara.

To amma kunnen Baba ya yi nauyi. Na kara masa rikoda a kunne, na ƙure ƙara, ya ce shi dai kukan sauro yake ji. Ya ture ta ya juya baya. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Sai na sayo amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da lasifika biyu, na ce zan haɗa a mota da kaina. Ni da ban san komai ba sai taurin kai. Na jona ta a siririyar wayar rediyo, ina kunnawa fis ya ƙone. Na yi irin ta direbobi, na naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli na mayar. Kafin in ce kwabo hayaƙi ya turnuƙe, ga kaset ɗin Yaya a ciki, shi kaɗai ke nan babu na biyu. Da farce na ciro shi.

Na kai motar wurin mai rewaya na bakin tasha, mai gyaran wayoyin mota, wani mutumin kudu mai faɗa, ya ga takardar sigarin ya riƙe kai.

"Oga, mota kana so ka gasa? Fis ya mutu domin mota kada ya mutu. Kai ka hana shi aiki."

Na haɗiye fushina don gaskiya ya faɗa. Ya ja waya mai kaurin ɗan yatsa tun daga batir, ya sa babban fis bai fi taƙi ɗaya daga kan batir ɗin ba. Ya kankare fenti a jikin mota har ƙarfe ya fito fes, sannan ya ɗaure wata baƙar waya a wurin. Da ya ji dalilin aikin, sai ya ciro lasifika ɗaya ya mayar da ita dab da kan kujerar gaba.

Da hantsi na lallaɓa Baba ya shiga, yana mitar shi ba inda za shi. Na rufe gilasai, na kunna. Sallamar Yaya ta cika motar har kujera na rawa.

Baba ya amsa sallamar da ƙarfi, kamar Yaya na tsaye a ƙofar zaure. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Na kai hannu zan kashe, ya riƙe mini wuyan hannu.

"Wannan abin naka," ya ce, "yana ɗaukar murya shi ma, ko sakewa kawai ya iya?"