Babur a Bayanmu, Daga Kankiya Zuwa Kusada

Kankiya, shida saura kwata

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da Sa'a ɗiyar yayana, ranar wata Asabar da kaka, gero ya yi tsawo har ya fi mutum. Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata a nan Kankiya, na yi shekaru ina gudun dogon zango. Sa'a a wurina take zaune tana karatu, kuma ta fi ni ƙafa nesa ba kusa ba.

Akwai gasar gudun mata da za a yi cikin Katsina, ta ƙwallafa rai a kanta. Mahaifinta, Yaya Lawal na Kusada, ya ce sam. Da na matsa masa sai ya gindaya sharaɗi biyu: mu zo masa da ƙafa tun daga Kankiya ba tare da wata magana ta iso kunnensa ba, sannan namiji ya bi mu a babur. Na san Yaya, so yake mu kasa ya huta.

Namijin da muka samu shi ne Iro, ƙanin maigidana, ɗan acaba. Ya ɗaure jarkar ruwa a bayan babur, ya naɗe fuskarsa da rawani, sai idanu. Na ce, "Iro, wannan naɗi fa?" Ya ce, "Ƙwari ke shiga mini baki, Anti." Na ƙyale shi, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Ga mai son farawa, ga shirinmu: wando mai faɗi, riga har gwiwa, ƙaramin hijabi marar santsi, da rigar mama mai riƙewa sosai. Takalmi ya ɗan fi ƙafarki, don ƙafa na kumbura a hanya. Ki shafa basilin duk inda fata ke gogar fata, in ba haka ba ranar wanka za ki yi bayani. Dabino uku muka ci kowa, muka kora da ruwa.

Shingen bakin gari, kilomita uku

Shida da biyar muka iso shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya ɗaga hannu.

"Hajiya, lafiya? Mota ce ta lalace?"

"Motsa jiki muke, ranka ya daɗe."

Ya dube mu, ya dubi Iro, ya sa aka buɗe jarkar ya sansana. Minti huɗu ya ci mana. Na hana Sa'a ramawa da sauri. Dokata ita ce, a farkon tafiya ki yi gudun da za ki iya hira a cikinsa. Wadda ta ƙure kanta da safe, hantsi zai same ta zaune bakin hanya.

Cikin gonaki, kilomita tara

Bakwai saura kwata muka kurɓi ruwa mai ɗan gishiri da sukari, muka miƙa. Daga nan abubuwa suka fara ba ni tsoro. Wata mata da ke tafe da itace ta hango mu, ta yar da shi ta faɗa cikin gero. Can gaba wani manomi ya bar jakinsa a tsakiyar hanya, ko waiwaye babu. Na ce a raina, mutanen nan sun ga abin da mu ba mu gani ba, akwai wasu ɓoye cikin geron nan.

Na yafito Iro na ce ya matso kusa da mu sosai. Na ce wa Sa'a, "Ƙara wuta." Wai ni mai dabara! Ashe duk abin da na yi, ƙara tabbatar wa mutane zarginsu nake: mata biyu a guje, ga mai rawani a babur yana bin diddiginsu.

Wani ƙauye, kilomita goma sha biyu

Ba zan kama sunan ƙauyen ba, don ba su yi laifin komai ba. Bakwai da biyar muka shigo, tsit kamar an share. Ga kaskon ƙosai a kan wuta, mai na ƙonewa, babu mai shi. Sai kawai maza shida suka fito daga bayan rumbu, 'yan sa kai ne da gora da bindigar adaka. Kafin in buɗe baki sun finciko Iro daga kan babur, gora ta sauka a kafaɗarsa, wani ya kai masa naushi.

"Ku koma bayanmu, kun tsira!" in ji babbansu, wani dattijo mai furfura.

Na ce, "Wayyo Baba, ƙanin mijina ne! Rakiya yake mana!"

"Shi ya ce ku faɗi haka ko? Kar ki ji tsoro, ɗiyata."

Na rantse, na maimaita, a banza. Sai ma idonsa ya sauka kan agogon hannuna mai ƙirga nisa.

"Wanga mi yake rubutawa? Wa kike aika ma hanyar garinmu?"

Nan zargi ya juyo kanmu. Suka fara magana ƙasa-ƙasa, na ji an ambaci masu kai wa 'yan bindiga rahoto. An riga an ɗaure hannun Iro ta baya, leɓensa na jini. Dattijon ya ce in akwai wanda ya san mu a yankin nan mu faɗa, in babu, a wuce da mu gaban hukuma.

Mutum ɗaya muka sani, kuma shi ne wanda bai kamata ya ji ba. Ni dai na yi shiru, ina laluben wata hanya, kuma ina jin kunyar wannan shirun. Sa'a ta dubi Iro, ta ce, "Ni ɗiyar Malam Lawal ce na Kusada. Ga lambarsa." Ta karanto masa ita.

Dattijon ya koma gefe da waya. Da ya dawo ya kwance Iro da hannunsa, yana ta ba shi haƙuri. Mata suka fara fitowa daga gonaki da goyo, wasu na dariya, wasu na zaginmu, kuma sun yi daidai. Wata tsohuwa ce kaɗai ba ta gudu ba, ƙafarta ba ta kai ta ko'ina. Zaune take bakin zaure tun ɗazu tana salati. Ta kama hannun Sa'a ta daɗe tana kallonta.

"Ke yanzu ba wanda ya koro ki?"

"Babu, Iya."

"Ikon Allah. Ni tunda nake ban taɓa ganin mace na gudu ba sai an biyo ta."

Darasin da na ɗauka ke nan, 'yan uwana masu gudu: kafin ki bi ta ƙauye, a aika wa mai unguwa tun jajibiri. Mai rakiya kuwa ya shiga gaba, fuska a buɗe.

Kusada, tara da kwata

Na ce mu hau babur tunda magana ta riga ta lalace. Sa'a ta ce ita da ƙafa ta ce za ta je. Haka muka ƙarasa sauran kilomita takwas da 'yan kai, rana ta fara zafi, ƙafata kamar an ɗaura mata turmi. Iro na gaba da kumburarren baki, duk wanda ya gani sai ya ce, "Lahiya lau, motsa jiki ne!"

Yaya Lawal na zaune a ƙofar gida. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya ce, "Magana ta riga ku isowa. Zancen gasa ya ƙare." Sa'a ta ce, "To, Baba," ta shige ciki.

Ni kam na kasa haɗiyewa. Na ce, "Yaya, babur ɗin nan wa ya ce a bi mu da shi? Kuma da ta yi shiru kamar yadda na yi, da yanzu ba ka ji komai ba, Iro kuwa Allah kaɗai ya san inda yake." Ya ce in shiga in sha fura, rana ta taɓa ni. Na sha, da dambu, amma ban sake yi masa magana ba ranar.

Komawa gida

Lahadi da hantsi ya rako mu tasha, abin da bai saba ba. Mun shiga mota, direba ya tayar, sai ya sunkuyo ta tagar da Sa'a take, yana kallon wani wuri daban.

"Iro ba zai sake bin ku ba, na sani. Ranar gasar ku bugo waya ku tashe ni da wuri, ni zan kai ku Katsinar."

Sa'a ta rufe fuska da hijabi, ba ta buɗe ba sai da muka wuce shingen bakin gari. Sha ɗaya da rabi muka sauka Kankiya lafiya, alhamdu lillahi. Godiyata ga Iro da ya sha duka dominmu, da mutanen ƙauyen nan da muka raba da karin kumallonsu. Mai ƙosai, ki yafe mana man da ya ƙone.