Da Sauƙi-Sauƙi

Malam Dalyop ya zo Gwarzo daga wani ƙauye a bayan Jos a shekarar 1984, da akwatin ƙarfe ɗaya, da matarsa Lucia, da Hausar da ya ɗauka ta ishe shi. Lissafi aka turo shi ya koyar a sakandare. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne kalmomin da ake ninkawa. In ka yi kuskuren ce masa "maza-maza" ko "gida-gida", sai ya tsayar da kai a tsakiyar titi ya zaro littafi daga aljihu ya rubuta, kai kuwa kana tsaye kamar mai laifi.

Yana da wata ƙa'ida da ya riƙe gam. A cewarsa, duk inda ɗan Adam ya faɗi kalma sau biyu, ƙari yake nufi. Bayarabe in yana sauri "kiya-kiya" yake cewa. Mutanen Malesiya, in ji wani littafi da ya karanta, "orang" mutum ne, "orang-orang" mutane. Maƙwabcinsa Malam Datti, mai koyar da Hausa, ya sha gaya masa cewa tamu ba kullum take haka ba. Ja-ja bai kai ja ba. Barci-barci ba barci ba ne, gyangyaɗi ne. Dalyop ya rubuta su, amma a can bayan littafi, ya sa musu suna 'yan tawaye. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai, Allah ya ba shi nasa da na wani.

Da tsuke bakin aljihun gwamnati ya zo, albashin malami ya zama abin dariya, malamai 'yan kudu da yawa suka tattara suka tafi. Shi ya zauna. Datti ya ara masa gona a Kutama yana noma dawa, Lucia kuma ta kama suyar ƙosai tare da Marka, matar Datti. Haka suka reni 'yarsu Emily, wadda ta tashi tana gyara wa ubanta Hausa.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, ba wanda ya taɓa su a unguwa, ko kallon banza. Amma shekarar da ta biyo baya aka yi tashin hankali a Jos, aka yi a Kano, jita-jita ta cika gari. Lucia na da hawan jini, ga fargaba ta hana ta cin abinci. Dole ya mai da ita gida da Emily. Shi ya rage masa shekara biyu ya yi ritaya, don haka ya dawo. A tasha Lucia ta roƙe shi abu ɗaya: in jikin ya tsananta, kada ya bari ta tafi ba ta gan shi ba. Ya yi mata alkawarin ranar da saƙo ya iso, ranar zai taso.

Lokacin waya ba ta zo Gwarzo ba. Mai kawo labari shi ne Musbahu, direban da ke kai hatsi Jos. Wata Laraba da la'asar ya tsaya a ƙofar gidan Datti, inda Dalyop ke zaune. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya je dubiya, an kwantar da Madam a asibiti. Dalyop ya tambayi jikin. Musbahu ya dubi ƙasa.

"To, Malam, da sauƙi-sauƙi dai."

Bahaushe ba ya cewa jikin mara lafiya ya yi tsanani. Ko mutum na shure-shuren mutuwa, "da sauƙi" za a ce. In har ya rage sauƙin ya ninka shi, ya haɗa da "dai", to ya faɗi iyakar abin da bakinsa zai iya. Dalyop kuwa ya ji sauƙi sau biyu. Ya yi godiya har da murmushi, ya ce tunda haka ne bari a gama jarrabawar 'yan aji shida sai ya je. Datti ba ya nan, ya tafi Kabo duba jarrabawa na mako biyu.

Bayan kwana goma sha ɗaya Emily ta aiko. Ko da ya isa, an riga an binne Lucia.

Da ya dawo, unguwa ta cika gidansa ana ta'aziyya. Baƙin cikinsa ya yi yawa, amma yana rarrashin kansa da cewa abin ya zo ba shiri, tana samun lafiya ajali ya riske ta. Haka yake ta gaya wa kowa. Marka ce, cikin kuka, ba da nufin komai ba, ta ce ranar tana zaure ta ji Musbahu. Har ta ɗaure daddawa da garin kuka don Dalyop ya kai wa aminiyarta Lucia da safe. Da ta ga ya nufi makaranta, sai ta ce ƙila yana da dalili, ba hurumin mace ba ne ta tambayi mijin wata.

"Wallahi mun ɗauka ka ji, Malam," in ji ta. "Duk mun ji."

Sai a nan Dalyop ya gane abin da Musbahu ya gaya masa. Ya yi ritaya, bai koma ƙauyensu ba, don ya ce ba shi da idon da zai dubi dangin Lucia. Abin da ke cinsa har ya tsufa ba ɓoyayye ba ne, yakan faɗa wa Datti in sun zauna. Hanyar makaranta ta gaban tasha take bi. Kwana goma sha ɗaya yana wucewa da safe, kwandasta na kiran Kano, inda ake hawa motar Jos, shi kuwa yana ɗaga masa hannu.