Sensar da Mai Faci Ya Mayar

Shekara ashirin da shida Mai Faci ya yi a rumfarsa ta bakin gareji, kuma ba wanda zai rantse ya taɓa ganin haƙoransa. Mutum ne mai zafin rai da taurin kai, ga gaskiya irin mai cizo. Duk abin da ya cire daga mota, ko bawul ne, ɗan bakin nan da ake ba taya iska, sai ya danƙa wa mai motar a hannu, kada gobe a ce ya ci amana.

Babban abokin gabarsa ƙaninsa ne, ciki ɗaya, mai gyaran wutar mota a cikin garejin. Mai Faci ne ya rene shi, shi ya nema masa wurin. Amma tun da ƙanin ya sayi na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, ya soma kiran sana'ar yayansa aikin guduma, yana kuma zuga mai gareji ya haɗa masa har da aikin taya. Ko gaisuwa sun daina.

Sai ga wata malamar asibiti, fitilar iskar taya ta kama a gaban motarta. Mai Faci ya ɓare tayar baya, ya canja sensa, ɗan abin nan da ke gindin bawul yana gaya wa mota yawan iskar da ke ciki. Ya daidaita iska a ƙafa huɗu, ya danne maɓallin saiti, ya zagaya da motar har fitilar ta mutu. Sannan ya miƙa wa malamar tsohuwar sensar, ita kuwa ta jefa ta a aljihun ƙofa.

Washegari ta dawo, fitila ta sake kamawa. Ya saita. Bayan kwana biyu ta kuma dawowa, wannan karon kai tsaye wurin mai gareji, tana faɗa kamar za ta ari baki.

"Baba, yau ne na ƙarshe," in ji mai gareji. "In ta gagare ka, rumfar ta koma hannun ƙaninka."

Tun hantsi Mai Faci yake fama. Ya tsoma tayar a ruwa, ba ko kumfa. Ya sake ɓarewa, ya sake ɗaurawa, gumi har cikin ido. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don bai iya wani aiki ba a duniya. Ƙanin na zaune a kan benci yana sakace haƙori. Tun zuwan malamar na biyu ya hango abin da ke aljihun ƙofar, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Sai da mutane suka taru sannan ya miƙe. Ko na'urarsa bai ɗauko ba. Ya buɗe ƙofa, ya zaro tsohuwar sensar, ya ɗaga ta sama.

"Yaya, ba ta gama mutuwa ba ai. Mota na jin ta, tana cewa taya ba iska. Kai ka miƙa wa malama ita da hannunka, ta jefa a nan."

Aka kwashe da dariya. Ƙanin ya ajiye sensar can nesa, ya danna saiti, aka zagaya, fitila ta mutu murus.

"Tun yaushe ka sani?" in ji Mai Faci.

"Ka tambaye ni?" in ji ƙanin.

Mai Faci ya juya. Ya shiga rumfa yana tara guduma da ƙarafan ɓare taya a buhu. Buhun ya yi nauyi, ya ɗaga sau biyu ya kasa. Ƙanin ya matso ya kama gefe ɗaya.

"Sake shi," in ji Mai Faci. "Ni ba ni da ƙani."

Ya ja buhun a ƙasa har ya fita daga ƙofar garejin.