Jar Motar da Tsoho Ya Ƙi Shiga

Jama'a, wallahi tallahi wannan abu da ni ya faru, ba a bakin wani na ji shi ba. Lokacin ina zaune Madarunfa ina fataucin wake zuwa Jibiya, kamar shekara biyu bayan an karya darajar kuɗinmu na sefa, sa'ad da ko sabulu sai mutum ya yi shawara kafin ya saya.

Mahaifiyata, Inna, tana can ƙauyenmu bayan Gabi, ciwon ƙugu ya sa ta gaba, duk wata sai an kai ta asibiti Maradi. A amalanken jaki ake fito da ita har bakin hanya, kuma ranar da na ga an sauke ta tana cije leɓe don kada mu ji nishinta, na rantse sai na sayi mota. Na sayar da bijimaina biyu na haɗa da ribar kaka, abin da ya taru na tsohuwar mota ɗaya ne tak, in na zaɓi ruɓaɓɓiya shi ke nan, Inna ta koma amalanke.

Hanyarmu kuwa rairayi ne zalla, sai katkat, wato mai ja da ƙafa huɗu. Wani dillali a Maradi, Ilu, yana da guda biyu na hannu 'yan Kwatano, ƙanana masu cin mutum biyar. Ɗaya ja ce ta Jamus, gajera, mai sheƙi, in ka taka ta sai ka ji cikinka ya koma baya. Ɗayar ta Japan ce ruwan toka, fenti ya koɗe, ƙofar gaba sai an ɗaga ta take rufuwa. Jar ma ta ɗan fi araha, ni kuma da wautata ban tambayi dalili ba. Ba zan ɓoye muku ba, tun kallon farko na gama ganin kaina a cikinta ina wucewa ta gaban kasuwa ana nuna ni.

Da na gaya wa Inna sai ta ce, “Duk wadda za ka saya, kafin ka biya ka kai ta bakin tabkin Madarunfa, ka yi wa bayin Allah na wurin sallama, ka ba da sadaka.” Kun san kusheyin waliyyai da ke kewaye da tabkinmu. Ni dai na amsa ne don kada ta yi fushi, kuma na ga ai dama can akwai rairayin gwaji.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka tafi, ni a ja, Ilu a mai toka. Duka biyu suka keta rairayi ba gardama. Muka tsaya kusa da wata kushewa, na yi addu'ata a gurguje, Ilu ya zauna inuwa yana cin goro. Juyawar da zan yi sai ga tsoho tsaye jikin jar motar, siriri, fararen kaya, da sandar gora a hannu. Na miƙa mishi sadakar, ya girgiza kai, ya ce shi dai in rage mishi hanya zuwa babbar tsamiyar can ta bakin hanya.

Na buɗe mishi ƙofar baya ina taƙama. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya mayar da ita, ya leƙa ciki ya ce, “Sannunku, Allah ya ba ku haƙuri.” Kai! Babu kowa a motar nan, jama'a. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, mutanen baya ba su sauka ba tukuna, kuma ba tare da na gaba suka taso ba.” Sai ya sa sandarsa ya ja layi cikin ƙurar rufin motar, daga wannan gefe zuwa wancan, daidai bayan kujerar direba. Ya wuce abinsa ya tsaya jikin mai toka.

Na ce da Ilu mu yi musanya, ya biyo ni da jar. Tsoho ya zauna baya gefen dama, ina ganinsa a madubi yana jan carbi. Ban tsaya ko'ina ba, wallahi ko rage gudu ban yi ba, amma da muka isa tsamiya na zagayo na buɗe ƙofa, babu kowa.

Ilu ya iso yana dariya ya ce, “Alhajin gobe, yau ƙofofi kake gwadawa? Tun can nake ganin kana buɗe su kana magana kai kaɗai.” Na ce ina tsohon? Ya ce wane tsoho? Na ja shi na nuna mishi layin da ke kan rufin, na faɗa mishi komai, ya ce rana ce ta buge ni. A ranar na biya mai toka, raina yana kan ja kamar in yi kuka, abokaina kuma suka sa wa mai tokar suna Jakar Inna.

Ba a yi wata biyu ba sai ga Ilu a ƙofar gidana ko sallama ya kasa yi. Ya ce wani ɗan kasuwa ne ya sayi jar, yana gudu a hanyar Ɗan Isa ya faɗa rami, motar ta rabe biyu. Shi ya tsira da karaya a ƙafa, Allah ya sa shi kaɗai ne. Makanisiye, wato mai gyaran mota, ya ce motoci biyu ne da suka yi haɗari can Turai, aka haɗa gaban wannan da bayan waccan da walda, aka shafe da fenti. Ilu ya ce ya je ya gani da idonsa, daidai layin nan ta tsage, kujerar baya ta niƙe kamar an taka gwangwani. Da na saye ta, nan ne fa Inna za ta zauna, da matata mai riƙe ta.

Jakar Inna kuwa shekara huɗu tana kai ta asibiti, rani da damina, ba ta taɓa kafewa da mu ba, har Allah ya karɓi abinsa a kan gadonta cikin mutunci. Alhamdu lillahi, har gobe in na tuna sai na yi sujada.

Abu ɗaya ne dai har yau yake tayar mini da tsikar jiki. Ban taɓa ba Inna labarin tsohon ba, amma tun ranar farko in za ta shiga sai ta yi sallama, ta zauna gefen hagu, ko da rana na dukanta. Da na gaji na tambaye ta, sai ta ce, “Can ai wurin baƙonka ne.”

Don haka in za ku sayi mota ta hannu, ku ɗaga shimfiɗar ciki ku duba ƙarfen da kyau, kada sheƙi ya ruɗe ku. In kuma uwa ta ce ku bi ta wani wuri kafin ku biya, don Allah ku bi.