Akwatunan Malam Mamman na Bracodi

A duk shekarun da na yi a wannan ofis, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da Malam Mamman ya shigo mana yana dogara sanda. Ku da kuka fara aiki bana, ina jin ku kuna gunaguni wai manhajar ajiyar takardu tana cin lokaci, a ɗauki hoto, a sa suna, a cike gurbi. To, ku gyara zama.

Ga wanda bai san mu ba, kamfaninmu na tiransit ne a Treichville, daf da tashar jiragen ruwa. Mu ne ke fitar wa 'yan kasuwa kayansu daga hannun kwastan. Ni ne mai kula da ajiyar takardu. Duk takardar da ta shigo sai na sa ta a sikana, hotonta ya shiga manhaja, sannan in cike mata gurabe: sunan mai kaya, irin takardar, kwanan wata, da ɗan bayani. Idan an yi haka, ko bayan shekara goma aka neme ta, suna kawai za a buga ta fito.

Ran nan shugabarmu, Madam Awa, ta kira ni don a lokacin ni kaɗai ke jin Hausa a ofis. Na tarar da dattijo siriri, rawaninsa fes, idonsa ɗaya ya fara yana. Malami ne a Adjamé, asalinsa mutumin Tawa. An aiko masa da katon, wato kwali, na littattafai, kwastan kuma sun ce sai ya kawo takardar izinin da aka taɓa yi masa shekarun baya. Ya birkice ɗakinsa bai gan ta ba. Da yake mu muka yi masa aikin a wancan karon, na buga sunansa, takardar ta bayyana kafin ya gama jingine sandarsa.

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar. Sannan ya ce, “Ɗana, wanga abu, takardun bironku na aiki ɗai yake riƙewa, ko har da na mutane?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, duk abin da aka ba shi riƙewa yake.”

Ya ce, “To ka zo gida ran Asabar.”

Na hau gbaka, ƙaramar bas ta haya, na sauka unguwar Bracodi a Adjamé. Ɗakinsa yana can ƙuryar wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya, bayan masu soya agadar nan da ake kira aloko. Rabin ɗakin akwatunan ƙarfe ne, an jera su har kusa da rufi. Ya buɗe ɗaya. Takardu ne maƙil, duk rubutun ajami, wasu a bayan takardar siminti, wasu a ganyen littafin 'yan makaranta, gara ta ci gefen da yawa. Tun yana saurayi yake bin tsofaffin da suka zo daga Nijar, 'yan goro, masu sayar da albasa a kasuwar Gouro, 'yan dako a tasha, yana tambayar su garinsu, hanyar da suka biyo, wanda ya sauke su, da inda aka binne 'yan'uwansu. Abin da ya ji sai ya rubuta. Yanzu yawancinsu sun rasu, shi kuma ido ya fara gudu, kuma ko shi kansa bai san wace takarda ke wane akwati ba.

Ya ce, “Jikokinsu na nan suna yawo Abidjan, ka tambaye su garinsu su ce maka Nijar. Nijar gari ne? Ina son kafin in tafi, yaro ya zo ya faɗi sunan kakansa a nuna mishi.”

Na nemi izinin Madam Awa ta riƙa ara mini ƙaramar sikana a ƙarshen mako. Ta ce in dai sikanar za ta kwana a ofis ran Lahadi, ba damuwa. Na sa irin manhajar a kwamfutata ta hannu, muka fara.

Abin da ya fara ba Malam mamaki shi ne ƙara girman rubutu. Takardar da ya daina iya karantawa, da na buɗa ta a allo sai ya ga hannunsa ɓaro-ɓaro. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe da can rubutunsa ya fi na yanzu kyau. Manhajar ba ta karanta ajami, don haka shi ke karantawa, ni ina cike gurabe da boko: sunan mutum, garinsa, sana'arsa. Muka buɗe wa kowane gari jakarsa, Tawa, Ƙonni, Dogon Dutse, Madawa, da sauransu. A ƙarshe ya ce in buɗe wata in sa mata suna “Gidanmu”. Na ce mu fara da ita mana. Ya harare ni da idon mai lafiyar, ya ce wane irin mutum ne zai sa gidansu gaba da na jama'a. Akwatin gidansu shi ne na can ƙasa, shi za a yi a ƙarshe.

Inda muka yi ta fama shi ne gurbin kwanan wata. Malam ba ya rubuta shekara. In na tambaye shi yaushe ya yi hira da wane, sai ya duba gefen takardar ya ce, “Shekarar da yaron nan ya fara tafiya.” Wata kuma, “Damanar da yaron nan ya yi ƙyanda.” Wata, “Sa'ad da anka sa yaron nan lakwal,” wato makarantar boko. Na yi ta jan sa da wasa, ina cewa kwamfuta ba ta san yaron nan ba, lamba take so. Ya ce ta yi haƙuri, shi da wannan yake lissafi.

Daga maƙwabta na ji ko wane ne yaron. Karim ne, ɗansa na fari, magidanci mai aiki a wani kantin magani a Bouaké. Mutanen da, musamman na wajenmu, ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, kunya ce. Malam ya riƙe wannan da ƙarfi. Karim kuwa haifaffen Abidjan ne, Faransancinsa ya fi Hausarsa, kuma an ce ba kasafai yake zuwa ba. Sai na riƙa barin gurbin kwanan wata a buɗe, ina rubuta maganar Malam yadda ya faɗe ta a gurbin bayani, da niyyar wata rana in sami Karim ya gaya mini shekarun.

Haka muka ci damina guda da rani. Aikin ba ya sauri, don kowace takarda sai Malam ya ba ni labarin mai ita, wani ya yi masa addu'a, wani ya yi masa tsiya. Duk da haka amfanin ya fara bayyana. Wata mai sayar da atamfa ta zo da sunan kakanta kawai, muka buga, ta koma gida da sunan ƙauyensu da na unguwarsu. Malam ya yini yana murmushi ran nan. Amma ko rabin akwatunan ba mu kai ba.

Bayan babbar salla Madam Awa ta tura ni San Pedro in tsara wa sabon reshenmu ajiyarsu. Ina can aka bugo mini waya cewa Malam ya rasu, an ma kai shi. Na zauna a bakin wata kwantena na yi kuka kamar wanda ya rasa mahaifi. Aiki bai sake ni ba sai bayan an yi addu'ar bakwai.

Da na dawo, ban ko sauke jaka a gida ba na wuce Bracodi. Ƙofar ɗakin a buɗe, an share shi tas. Akwatunan suna tsakar gida a buɗe, babu komai a ciki. Wani mutum mai kama da Malam yana naɗe tabarma, na gane Karim ne. Na yi masa gaisuwa, na faɗi sunana, sannan na tambayi takardun.

Ya ce, “Ah, Yaya Haruna, kai ne na ordinater. Mai gidan haya yana son ɗakinshi ƙarshen wata. Na duba papiye ɗin, kowace da Bismillah a sama, kuma gara ta ci su. Na tambayi liman, takarda mai sunan Allah in ta lalace ƙaƙa ake yi? Ya ce a ƙone ta wuri mai tsabta kada a taka. Na ƙone, na kai tokar na zuba ruwan lagun da hannuna. Na yi ma Baba abin da ya dace, ko?”

Na zauna a kan akwati. Ban ga laifin liman ba, an tambaye shi ya ba da amsa daidai. Ban ga laifin Karim ba, Bismillah kaɗai yake iya ganewa a rubutun, kuma girmamawa ya yi. Amma sai da na gaya masa abin da ke cikin takardun. Ya tsaya da tabarmar a hannu.

Can ya ce, “Ni bai taɓa gaya mini ba. Ni ko sunana bai taɓa kira ba.”

Na ciro kwamfutar na buɗe masa abin da muka tsirar. Ya ga jakar “Gidanmu” ya ce in buɗe. Na buɗe, fayau, ko takarda ɗaya babu. Ya ce in buga Karim. Na buga, manhajar ta ce ba ta sami komai ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda dama ya san haka za a yi, ya juya zai tafi.

Na ce, “Tsaya.” Na buga “yaron nan”.

Allon ya cika, na yi ta ja ƙasa bai ƙare ba. Na riƙa karanta masa a hankali. Shekarar da yaron nan ya fara tafiya. Damanar da yaron nan ya yi ƙyanda. Azumin da yaron nan ya fara kaiwa. Shekarar da yaron nan ya ci jarrabawa. Watan da yaron nan ya tafi Bouaké. Tarihin mutanen Tawa da Ƙonni da Dogon Dutse, duk da rayuwar Karim aka auna shi. Ya durƙusa a tsakar gidan nan ya rufe fuska da tabarmar, matan gidan suka fito suna ce masa yako, yako, wato sannu da rashi, ba su san abin da ya faru ba.

Yanzu duk sa'ad da ya shigo Abidjan yakan biyo ta nan bayan an tashi aiki. Mu zauna, in karanta masa, shi kuma ya faɗi shekarar, in cike gurbin. Shi kaɗai ya rage a duniya da zai iya cike su. Jakunkunan garuruwan da ba mu kai gare su ba suna nan wayam, mutanen cikinsu sun tafi ke nan.

Abin da na koya a sana'ar nan shi ne, takardar da ba a ɗauka an sa mata suna ba, ko tana cikin akwatin ƙarfe, ba a ajiye take ba. Kuma wanda zai hallaka ta ba lallai maƙiyi ba ne, sau da yawa mai ƙaunarta ne da bai san mece ce ba. Shi ya sa nake matsa muku ku ɗauki ta yau a yau, ku rubuta bayani yadda mai ita ya faɗa, ko da ya yi muku kama da shirme.

Kwanaki Karim ya ce in goge jakar “Gidanmu”, ganinta yana tayar masa da hankali. Na kai hannu, sai ya riƙe ni. Ya ce in bar ta, Baba ne ya sa mata suna.