Ranar da Aka Tambayi Uban Laminu

Ban taɓa mantawa da hantsin da sakamakon Laminu ya iso Gure ba. Ina cikin aji, yara na maimaita lissafi, sai ga gardi, dogarin gwamnati, a bakin ƙofa ya ce Kumandan, Baturen da ke mulkin Gure, na kirana. A biro, wato ofishinsa, aka karanta mini. Laminu ya gama shekararsa ta farko a babbar makarantar Yamai, ya zo kusa da na ƙarshe.

Shekaru kaɗan ne kafin yaƙin Turawa na biyu. Ni lokacin monitar ne, wato ƙaramin malami mai riƙe da ajin farko, a lakwal ɗin Gure, makarantar bokon garin. Karatuna bai yi nisa ba. Amma idan tafinta ba ya gari, ni ake kira in yi tafinta.

Ku da kuka shigo aikin koyarwa daga baya ba ku san yadda hanyar take ba. Yaro zai fara a lakwal ɗin gari. Idan ya yi ƙoƙari a kai shi Damagaram. Daga can kaɗan ne ake zaɓa zuwa Yamai, inda ake fitar da malamai da magatakardan biro. Laminu ɗan Kelle ne, ni na koya masa riƙon alli, shi ne kuma na farko daga hannuna da ya kai Yamai. Wanda bai ci shekarar farko ba, ko ya maimaita aji, ko a mai da shi makarantar sana'a ta Damagaram ya koyi aikin katako. Kumandan ke rubuta wanda ya fi dacewa, bayan ya ji ta bakin uban yaro.

Laminu ya iso hutu da farkon damina. Wurina ya fara sauka. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya zauna nesa da tabarma, na yi da shi ya matso ya ƙi.

Na ce, “Me ya faru, Laminu? Ai kanka na ja.”

Ya ce, “Mushe,” haka ake kiran malamin lakwal, “zazzaɓi ne. In ta sake ni sati guda sai ta dawo. Ina kwance ake wuce ni. Da na tashi sai in tarar sun yi nisa, in ji kunyar tambaya.”

“To me kake so?”

Ya daɗe yana murza bakin rigarsa. “A mai da ni Damagaram. Ina son aikin katako. Ko ranar kasuwa na ga mutanen garinmu.”

Na ce ya faɗa wa babansa. Ya dube ni, sai na tuna. Laminu ɗan fari ne. Ubansa, Malam Sale, bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya zama da shi, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Duk abin da ya shafi yaron, ƙanen uban ne ke magana, Baffa Ari. Shi ya kawo shi lakwal tun farko. A wannan daminar kuwa Baffa Ari ya yi arewa da shanu.

Aka aika Kelle, Malam Sale ya zo da kansa domin kiran Kumandan ba a ƙin sa. Tafinta ya tafi rangadi da mai karɓar haraji, saboda haka ni na tsaya tsakaninsu. Laminu na tsaye jikin bango.

Kumandan ya ce in tambaye shi, wannan ɗansa ne?

Malam Sale ya dubi ƙasa ya ce, “Yaron gidanmu ne.”

“Yaya sunansa?”

Malam Sale ya kau da kai. Aka sake tambaya. Ya ce, “Mushe ya sani.”

Kumandan ya ɗaga gira. Ya ce in bayyana masa hanyoyin biyu, in tambaye shi ko yana son yaron ya dawo kusa da shi. Na bayyana a hankali. Na san abin da ke ran tsohon. Amma a gaban baƙo, a gaban yaron kansa, ba zai iya buɗe baki ya ce yana son ɗan farinsa kusa ba.

Ya ce, “Duk inda aka kai shi daidai ne.”

Dokar tafinta ita ce ka mai da abin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi. Na mai da. Sannan na nemi izini na ce, “Ranka ya daɗe, wannan kunya ce ta ɗan fari. Ba shi ake tambaya ba, ƙanensa ake tambaya. Yaron kuma Damagaram yake so.”

Kumandan ba mugun mutum ba ne. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce shi uba aka ce ya tambaya, ga uba kuma ya amsa. Ya ce mutumin da ba ya iya faɗin sunan ɗansa ba zai yi kewarsa ba. Yaro mai kai irin wannan, in ji shi, asara ce a ba shi zarto. Gata yake ganin ya yi masa. Ya rubuta a maimaita aji a Yamai.

A waje Malam Sale ya kwance jakinsa. Bai dubi Laminu ba. Ni ya ce wa, “Mushe, can ɗin akwai sanyi?” Na ce akwai, saboda kogi. Bayan kwana kaɗan aka kawo mini bargo daga Kelle, aka ce in ba wanda zai yi tafiya.

Laminu ya koma da ƙarshen damina.

Baffa Ari bai dawo ba sai bayan girbi. Tun daga bakin lakwal nake jin muryarsa.

“Ina Mushen? Kai, Mushe! Ka tsaya kana kallo aka tambayi yayana? Ai da jakinsa kuka tambaya da ya fi ba ku amsa!”

Na ce, “Baffa, na yi bayani.”

“Da Faransanci ka yi. Mu je in yi da bakina.”

Muka je. Baffa Ari ya kira sunan Laminu a gaban Kumandan ya fi a ƙirga, kamar yana biyan na yayansa. Ya ce ɗansa ne, shi ya ba da shi, shi kuma yake so a dawo da shi. Kumandan ya yi dariya, ya ce yanzu ya ga uba. Ya rubuta a mai da shi Damagaram.

Sai dai sauya makaranta a tsakiyar shekara ba hannu ɗaya ke yin sa ba. Daga Gure sai Damagaram, daga Damagaram sai Yamai, kowa kuma sai ya sa hannu. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, kafin aka ɗora Laminu a kamyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram. Wani ɗan Gidigir da ya gan shi a kasuwa ya ce mini ya rame ƙwarai, amma yana dariya, hannunsa duk garin katako.

Bai cika wata biyu a can ba zazzaɓin ya dawo. Wannan karon bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Na je Kelle gaisuwa. Baffa Ari ne ke karɓar mutane, yana kuka ba ya ɓoyewa. Malam Sale na zaune a gefe cikin masu gaisuwa kamar shi ma zuwa ya yi. Da na tashi tafiya ya raka ni har bayan gari, abin da bai taɓa yi ba. Muka ɗan yi nisa. Daga baya ya ce, “Wancan yaron da kuka koyar, bargon ya ishe shi?”

Na ce ya ishe shi. Ya gyaɗa kai ya juya.

Abin da na koya ke nan, shi nake so ku riƙe. Aikinmu ba yara kaɗai ba ne, har da gidajen da suka fito. Tun daga lokacin, duk yaron da aka kawo mini sai na tambaya ko ɗan fari ne, wa kuma ke magana a kansa. In za a kira wani zuwa biro, shi nake sa a kira, ko da za a jira shi. Wanda ya fi yin shiru a kan yaro, sau da yawa shi ya fi ciwonsa. Bature ba zai san wannan ba sai an faɗa masa tun kafin a shiga ɗaki, ba bayan uba ya amsa ba.

Bayan rasuwar, malamin katako ya aiko mini da kayan Laminu. Akwai bargon. Akwai kuma ƙaramin akwati da ya fara haɗawa, gefe huɗu da gindi, ya goge su sumul. Malamin ya ce Laminu ya gaya masa na babansa ne. Na kai Kelle. Malam Sale ya shafa katakon, ya ce in ajiye a wurina tukuna, zai aiko a ɗauka.

Bai aiko ba har ya rasu. Akwatin na ɗakina. Ba a yi masa murfi ba.